Zafin Leza a Kan Sankarar Magudanar Matsarmama: Me Yake Ƙonewa, Me Yake Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubutowa ne daga Daura. Mahaifinmu ya haura shekara 60, ya daɗe yana fama da shawara da ƙaiƙayin jiki, har aka tura mu Katsina, daga can kuma Kano, inda hoto ya nuna sankara ce ta toshe magudanar ruwan matsarmama a daidai ƙofar hanta. Likitoci sun ce ta wuce tiyata, sun saka masa ɗan bututun roba. Yanzu wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin ƙasashen waje ya ce mana akwai inda ake ƙone ta da leza, ba yanka ba jini, kwana biyu a sallame mu. Shin wannan zafin ba zai ƙone masa hanta ba? Kuma yana warkarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa wahalar ta zama kaffara, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Zan fara da gajeriyar amsa, malam, domin na san akwai kuɗi da tafiya da ke jiran shawarar da za ku yanke. Ƙona sankara da leza a cikin magudanar matsarmama ba ya warkar da ita idan ta kai matakin da aka ce ta wuce tiyata. Iyakar abin da ake fata shi ne ya buɗe hanya, ruwan matsarmama ya daɗe yana gudana. Zafin kuma ba ya mamaye hanta gaba ɗaya yadda kake tsoro, domin 'yan milimitoci kaɗan yake ratsawa. Sai dai a cikin waɗannan 'yan milimitocin ne jijiyoyin jinin hanta suke kwance, kuma ɓarnar da zafi ke yi musu takan ɓuya har tsawon makonni kafin ta bayyana. Wannan jinkirin ne ya fi tayar mini da hankali game da dattijon da za a sallama bayan kwana biyu, ya hau jirgi ya dawo Daura.

Sai ka san yadda wurin yake kafin ka fahimci haɗarin. Hanta tana samar da ruwan matsarmama kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya kowace rana. Ƙananan magudanan da ke cikinta suna haɗuwa su zama manyan rassa biyu, na dama da na hagu, rassan su haɗe a ƙofar hanta su zama magudana guda, wadda ke gangarawa ta ratsa kan fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da ruwan narkar da abinci, ta zuba a farkon ƙaramin hanji. Faɗin wannan magudana a jikin mai lafiya bai wuce kimanin milimita 6 ba, kaurin bangonta kuwa milimita 1 ne zuwa 2. Daf da bayanta babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta take, sannan reshen dama na jijiya mai bugawa, wadda ke kawo jini daga zuciya, a yawancin mutane yakan gitta ta bayan magudanar a kusa da mahaɗar nan inda ciwon Baba yake. Irin wannan sankara ta mahaɗa, wadda likitan Amurka Gerald Klatskin ya yi bayaninta a 1965 har ake kiranta da sunansa, ba ta cika dunƙulewa wuri guda ba. Bin bangon magudanar take yi tana kauraro shi, tana shiga rassa, tana bin ƙananan jijiyoyin laka zuwa waje, nesa da abin da ido ko hoto ke gani. Hasken da aka kunna daga cikin magudanar ba shi da hanyar riskar waɗannan saiwoyi ba tare da ya ƙone duk abin da ke tsakani ba, kuma dalilin rashin warkarwar ke nan.

Leza haske ne da aka tattara wuri guda, ana tura shi ta cikin siririn zaren gilashi. Idan ya faɗa kan nama, ruwa da jinin da ke cikin naman sukan shanye shi, ya rikiɗe ya zama zafi. An ƙera ta farko a 1960 a Amurka, kuma a 1983 likitan Landan Stephen Bown ya bayyana dabarar soka zaren cikin ƙari domin a dafa shi daga ciki, saboda haka dabarar ba sabuwa ba ce. Jikin ɗan Adam yana zaune a kan digiri 37. Daga digiri 42 zuwa 45 ƙwayoyin halitta sukan fara galabaita, amma sai an daɗe kafin su mutu. Masu bincike biyu, Sapareto da Dewey, sun fitar da wani lissafi a 1984 wanda har yau ake aiki da shi: daga digiri 43 zuwa sama, duk ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da ake buƙata da rabi. Idan nama yana mutuwa bayan minti 240 a digiri 43, wanda shi ne ma'aunin da aka fi ɗauka, to a 44 minti 120 sun isa, a 45 minti 60, a 50 ƙasa da minti 2, a 57 kuwa kimanin sakan ɗaya. Kada wannan ya rikita ka da zafin bazara da kan kai digiri 43 a ƙasar Katsina da Daura cikin watan Afrilu, domin wancan zafin iska ne, gumi da gudanar jini suna riƙe cikin jiki a kan 37. A nan ana maganar naman ciki ne shi kansa ya hau wannan mataki.

Abin lura a lissafin nan shi ne ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin lafiya da ɓarna. Bangon jijiyar da ya kai digiri 46 na minti 2 zai farfaɗo, wanda ya kai 52 na minti 2 kuwa ya riga ya lalace, alhali likitan da ke kallo ta kyamara ba zai ga bambanci ba, saboda jijiyar tana bayan bangon da yake kallo. A digiri 60 furotin ɗin ƙwayoyin halitta yakan daskare nan take, kuma tsakanin nan da ƙasa da 100 ne zangon da ake nema a kan ƙarin. Da an kai 100 sai ruwan naman ya tafasa, tururi ya yi ta fasa ƙananan ramuka, naman ya bushe, idan aka ci gaba ya zama gawayi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai balangu ya san cewa idan wuta ta yi yawa bayan naman ne ke babbakewa, cikinsa yana nan ɗanye, kuma bayan an sauke shi zafin yana ci gaba da ratsawa ciki. Haka abin yake a nan. Gawayin da ya taru a bakin zaren yakan shanye hasken duka ya hana shi wucewa, zafin ya taru wuri guda har ya haura ɗaruruwan digiri, ya iya lalata zaren ko ya huda bangon magudanar, ƙwayoyin sankarar da ke can ciki kuwa ba abin da ya same su.

Saboda haka yawan ƙarfin da aka zuba kaɗai ba ya gaya maka abin da ya faru. Da wat ake auna ƙarfin hasken, da jul kuma jimillar abin da aka zuba: wat 5 na sakan 120 da wat 20 na sakan 30 duka jul 600 ne a lissafi, amma na farko yana dafa nama sannu a hankali zuwa wani zurfi da za a iya hasashensa, na biyu kuwa ya fi kusa da babbaka fuskar bangon. Launin hasken, wanda ake auna zangonsa da nanomita, shi ma yana da nasa tasiri. Lezar Nd:YAG mai zangon nanomita 1064 ruwa ba ya shanye ta sosai, shi ya sa take ratsa milimitoci da dama cikin nama, abin da ke da amfani a tsakiyar hanta amma yake da haɗari a siririyar magudana. Lezar diyod mai nanomita 1470 ruwa ya fi kama ta, zurfinta bai kai haka ba. Lezar holmiyum mai nanomita 2100 kuwa ba ta wuce kusan rabin milimita, kuma babban aikinta a wannan wuri shi ne farfasa tsakuwar matsarmama. Akwai kuma siffar bakin zaren: mai tsirara yana harba haske gaba, ya tara shi a ɗigo guda, ya fi saurin huda bango, yayin da mai watsawa yake rarraba hasken a kewaye tsawon santimita ɗaya ko biyu. Na biyun ya fi aminci, amma yana da tasa matsalar, domin sankara ba ta cika kewaye magudana da kauri iri ɗaya ba. Inda ƙarin ya kai milimita 8 a gefe ɗaya, ɗaya gefen yana iya zama lafiyayyen bango mai milimita 1, kuma zafi iri ɗaya ne zai sauka a kan duka biyun.

Gudanar jini tana ƙara dagula lissafin. Jijiyar da faɗinta ya haura kimanin milimita 3 takan kwashe zafin da ya iso gare ta ta tafi da shi, shi ya sa babbar jijiyar da ke zuwa daga hanji ba ta cika ƙonewa ba. Wannan kariya ce, amma ita ce kuma ke kare ƙwayoyin sankarar da suka manne a jikin jijiyar, su tsira su sake yaɗo. Reshen jijiya mai bugawa ya fi ƙanƙanta, kuma jinin cikinsa yana da matsi. Idan zafi ya raunana bangonsa, ba lallai ya fashe a ranar ba. Mataccen naman da ke kewaye yakan ɗauki kwanaki biyu zuwa uku kafin iyakarsa ta gama bayyana, sannan ya ɗauki makonni yana saɓulewa, a lokacin ne raunannen bangon zai kumbura ya yi ƙullutu, wata rana ya ɓalle cikin magudanar. Wani rahoto daga Jamus a 2014, a kan ƙona irin wannan ƙari da zafin lantarki, ya ba da labarin marasa lafiya uku da jini ya ɓalle musu makonni 4 zuwa 6 bayan aikin, biyu daga cikinsu suka rasu. Na'urar ta bambanta da leza, amma nama bai san daga inda zafi ya fito ba. Maganin irin wannan zubar jini shi ne a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu, ana kallo a hoto, a toshe reshen da ya fashe, kuma cibiyoyin da ke yin wannan aiki a Nijeriya ƙalilan ne. Daga Daura zuwa Katsina kaɗai tafiyar sama da awa ɗaya ce, ballantana gaba.

Ita kanta magudanar wasu 'yan sirara-siraran jijiyoyi ne da ke bin gefenta biyu suke ciyar da ita. Idan suka ƙone, bangon yakan mutu ya huje, ruwan matsarmama ya kwarara cikin kogon ciki, ko kuma ya warke da tabo mai tsuke hanya bayan watanni. Likitocin tiyata sun daɗe da sanin wannan daga aikin cire jakar matsarmama, inda ɗan kuskuren na'urar ƙona jini kusa da magudanar kan dawo da mara lafiya da shawara bayan an ɗauka komai ya wuce. Bayan wannan akwai matsalolin da suka fi yawan faruwa ko da yake sun fi sauƙin magani. Mataccen nama da kumburi sukan toshe hanya a kwanakin farko, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ruwan da ya tsaya, zazzaɓi mai rawar ɗari ya biyo baya, wani lokaci har da ƙurji a hanta. Idan an ƙona kusa da bakin reshen da ke zuwa jakar matsarmama, jakar takan toshe ta kumbura. Idan kuwa ƙasa ne kusa da fankiriyas, ita ce za ta kumbura, ciwon da ko ba a kunna leza ba yana samun mutum 3 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin zura bututu mai kyamara ta baki zuwa magudanar, wanda ake kira ERCP.

Yanzu ga wani abu da nake so ka tabbatar kafin ka biya ko kwabo. Abubuwa daban-daban ne masu haɗa tafiya ke tattarawa su kira leza. Akwai maganin haske da sinadari, inda ake yi wa mara lafiya allurar wani magani irin su Photofrin, a jira awa 48 ya taru a cikin ƙarin, sannan a haska shi da jan haske mai nanomita 630. A nan zafi ba shi ne ke kisa ba, sinadarin ne ke sakin wata guba idan haske ya taɓa shi, kuma yana kashe nama zuwa zurfin milimita 4 zuwa 6. Wani gwaji da aka wallafa daga Jamus a 2003 ya nuna waɗanda aka yi wa shi tare da bututu sun rayu matsakaicin kwana 493, waɗanda aka saka wa bututu kaɗai kwana 98, abin da ya sa aka ɗora masa babban fata. Amma gwajin da aka yi daga baya a Birtaniya sai da aka dakatar da shi kafin lokaci, domin waɗanda suka sami hasken sun rayu matsakaicin wata 6.2, sauran kuwa wata 9.8. Sannan maganin yakan bar fata da ido suna ƙonewa da hasken rana har makonni 4 zuwa 6. Ga mutumin Landan wannan takura ce kawai, ga dattijon da zai dawo cikin hasken ranar Daura, mai son fita masallaci da zama ƙofar gida, babban lamari ne da dole iyali su shirya masa.

Akwai kuma ƙonawa da zafin lantarki, wadda ba leza ba ce sam, kuma ita ce aka fi gwadawa a kan mutane a cikin magudanar. Na'urar Habib, wadda aka fara ba da rahoton amfani da ita ga marasa lafiya a Landan a 2011, ana kunna ta a kan wat 7 zuwa 10 na minti ɗaya da rabi zuwa biyu, akwai kuma wata ta Koriya ta Kudu mai ma'aunin zafi a bakinta, wadda ke yanke wuta da kanta idan ta kai kimanin digiri 80. Wani gwaji a ƙasar Sin a 2018 ya sami matsakaicin rayuwa wata 13.2 ga waɗanda aka ƙona wa ƙarin da wata 8.3 ga masu bututu kaɗai, amma wani gwajin da aka yi a Jamhuriyar Cek, aka wallafa a 2023, bai ga ƙarin tsawon rai ba. Ka ga ko wadda ta fi kowa hujja sakamakonta bai daidaita ba. Ita kuwa leza mai zafi a cikin magudanar, mafi yawan abin da aka rubuta a kanta gwaje-gwaje ne a kan naman dabbobi da aladu masu rai, musamman a Koriya ta Kudu, sai 'yan rahotanni na marasa lafiya kaɗan. A ra'ayina matsayinta har yanzu na bincike ne, kuma duk asibitin da zai yi ta ya kamata ya faɗi haka a fili, ya nemi amincewarku a rubuce a kan wannan sharaɗi.

Inda ƙonawa da zafi ta sami karɓuwa shi ne ƙaramin ƙari da ke can cikin tsokar hanta, wanda bai wuce santimita 3 ba, inda ake soka allura ta fata a ƙone shi tare da rabin santimita zuwa ɗaya na lafiyayyen nama a kewaye. Ko a can ma ana gudun ƙarin da ke kusa da manyan magudanai, kuma ciwon Baba a kan manyan magudanan yake.

Idan duk da haka kuka tsayar da shawarar tafiya, to ku nemi magana da likitan da zai yi aikin da hannunsa, ba wakili ba, kuma ku tambaye shi sunan na'urar da irin zaren, da adadin masu irin ciwon Baba da ya yi wa, da abin da ya same su bayan wata uku. Ku tambaya ko an auna tazarar da ke tsakanin ƙarin da jijiya mai bugawa a sabon hoton CT ko MRI, domin likitan da ya san aikinsa zai nuna muku wurin a hoton, ya gaya muku gefen da ba zai kunna wuta ba. Aiki mai aminci yana tafiya da ƙaramin ƙarfi, a taƙaitaccen lokaci, da hutu tsakanin kunnawa saboda zafin da ke ci gaba da ratsawa bayan an kashe, da hanyar sanin zafin wurin a lokacin da ake yi. Ana cire bututun roba kafin a fara, ana guje wa haskawa a kan bututun ƙarfe idan shi ne aka saka, kuma ba a fitowa sai an mayar da bututu a duk reshen da aka taɓa, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dole a gwada daskarewar jini tukuna, domin mai toshewar matsarmama hanjinsa ba ya tsotse sinadarin bitamin K yadda ya kamata, jininsa yakan yi jinkirin tsayawa, gyaransa kuwa allura ce mai arha. Maganar sallama bayan kwana biyu ban yarda da ita ba ga wanda gidansa ke wata ƙasa. Ku lissafa kuɗin zama kusa da asibitin na wasu makonni cikin kuɗin aikin tun farko.

Da ni ne a matsayinka, da inda zan fara kai kuɗina daban ne. Da farko zan tabbatar an ɗebi nama an gwada, domin kusan ɗaya cikin goma na tsukewar da ta yi kama da wannan sankara a hoto yakan zama wani ciwon ne daban, ciki har da wani kumburi da ke jin maganin sha, kuma ƙona wuri kafin a san abin da ke cikinsa ganganci ne. Sannan zan aika hotunan ga likitan tiyata wanda hanta da matsarmama ne fanninsa, ya sake duba ko da gaske ba ta ciruwa, saboda tiyata ce kaɗai ke da damar warkarwa, kuma abin da wata cibiya ta ce ya gagara wata mai ƙwarewa takan iya. Na san maganar da ta yaɗu a cikinmu cewa daji ba ya son ƙarfe, kuma na san ita ce ke sa kalmar ba yanka ta yi daɗi a kunne. Maganar ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne mutane suna zuwa asibiti a makare, a yi aiki ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Idan an tabbatar ba ta ciruwa, abin da ya fi kowane tasiri ga jin daɗin Baba shi ne ruwan ya riƙa fita sosai. Bututun roba yakan toshe cikin kimanin wata uku, saboda haka ku san ranar da aka saka nasa, ku koma a canja kafin zazzaɓi ya kore ku; na ƙarfe mai buɗewa da kansa ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Da shawarar ta sauka sai a duba ƙarfinsa ga maganin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Gwajin da aka wallafa daga Birtaniya a 2010, a kan mutum 410, ya nuna haɗin jemsitabin da sisfilatin ya kai matsakaicin rayuwa wata 11.7, jemsitabin kaɗai kuwa wata 8.1, kuma tun 2022 ana ƙara wani maganin ƙarfafa garkuwar jiki mai suna durbalumab ga masu hali. Magunguna biyun farko ana samunsu a sassan kula da sankara na manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan, ba sai an yi biza ba. Waɗannan alƙaluma ba masu daɗin ji ba ne, na sani, amma gara ku ji su daga wanda ba ya neman ku sayar da gona.

Ina roƙonku da ku dakatar da jiƙe-jiƙe da sassaƙen shawara da 'yan uwa ke kawowa don ƙauna. Shawarar Baba ta toshewa ce, babu saiwar da za ta buɗe ta, hantar da ruwa ya taru a cikinta kuma ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san adadinsa ba. Haka magungunan ciwon jiki irin su asfirin da dikulofenak da ake saye a kemis, kada ya sha sai da izinin likitansa, musamman kafin kowane aiki da bayansa, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini.

Ko an yi ƙonawar ko ba a yi ba, akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi da rawar ɗari tare da dawowar rawayar ido da duhun fitsari na nufin bututun ya toshe kuma ƙwayoyin cuta sun shiga, abin da kan kai ga ruɗewa da faɗuwar matsin jini cikin sa'o'i. Baƙin bahaya mai yauƙi da wari, ko aman jini, ko jiri tare da ciwo mai murɗa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a makonni shida na farko bayan aikin zafi, a ɗauke shi zubar jini ne daga magudanar har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ciwon ciki mai tsanani da ke sa cikin ya yi tauri yana nuna huji ko kumburin fankiriyas. A duk waɗannan ku nufi asibiti mafi kusa a fara ƙarin ruwa da gwajin jini, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba tare da jira ba. Kafin ku baro duk inda aka yi aikin, ku karɓi rahoto a rubuce da Turanci mai ɗauke da irin na'urar, da ƙarfin da aka kunna, da reshen da aka ƙona, da irin bututun da aka bari da ranar canja shi, tare da hotunan a faifai da lambar wayar likitan. Ku kuma san rukunin jinin Baba tun yanzu, ku ware mutum biyu ko uku cikin 'ya'ya da ƙanne da aka gwada za su iya ba shi jini idan buƙata ta taso da dare.